Yadda za ka shiga wurin aikinka da idon yaro, girmanka kuma yana nan

Shekara 11 na yi ina riƙe da makullin wata magaza ta taki da iri a nan Tahoua. Wata rana lokacin hutun lakol, ɗiyata mai shekara 7 ta kawo mini fura, ta tsaya tana jira in shanye ta koma da ƙwarya. Tana cikin jira sai ta tsuguna gindin tulin buhuna, ta daddanna na ƙasa da yatsa, ta miƙe ta taɓa na sama, ta ce, "Baba, don me na ƙasa suka yi tauri kamar dutse, na sama kuma ga su da laushi?" Har na buɗe baki zan ce mata haka taki yake, sai maganar ta tsaya mini a maƙogwaro. Kowace damina sai mun fitar da buhunan nan da suka dunƙule, mu sa a farfasa su da taɓarya, mu sayar da ragi. Mun saba da asarar har mun ba ta wuri a lissafi. Ni da nake wucewa ta gabansu safe da maraice ban taɓa neman dalili ba, yarinya kuwa minti 5 ya ishe ta.

Tun daga ranar nake ƙoƙarin koyon irin kallonta, kuma abin da na gwada ya yi mini aiki shi zan shimfiɗa a nan daki-daki, don mai biro da mai shago da mai gareji da mai keken ɗinki. Amma a raba zare da abawa tukuna. Yarinta daban, idon yaro daban. Yarinta ita ce makara, da kumbura don an yi maka gyara, da yar da aiki rabi don ya gundure ka, kuma ba ta da mazauni a wurin neman abinci. Waɗanda suka ce ta yaro kyau take ba ta ƙarko sun yi gaskiya. Abin da nake so mu karɓo daga yaro shi ne yadda yake kallon abu kamar yau ya fara ganinsa, da yadda yake tambaya ba ya jin nauyi, da yadda yake gwaji da abin da ba shi da tsada, da yadda in ya faɗi yake tashi ya kakkaɓe. Ƙarkon kuwa kai babba ne za ka kawo shi.

Makon farko: kallo kawai

Kada ka canza komai a makon farko, kada ma ka gaya wa kowa abin da kake ciki. Nemi ƙaramin kaye, wato littafin rubutu, da zai shiga aljihu. Kullum ka rubuta abu 3 da ake yi a wurin aikinka waɗanda in baƙo ya tambaye ka dalilinsu ba ka da amsa sai "haka muka tarar". Ranar farko za ka sha wuya kafin ka sami ko ɗaya, don sabo ya fi ƙurar hunturu rufe ido. Zuwa rana ta uku da kansu za su riƙa zuwa.

Abin da ke buɗe ido shi ne sauya wurin tsayuwa, kuma da jiki nake nufi. Ɗiyata ta ga abin da ban gani ba ne don in ta tsuguna idonta daidai yake da buhun ƙasa. To kai ma tsuguna. Leƙa ƙarƙashin tebur, bayan inji, saman kanta. In a biro kake, wata safiya ka shigo ta ƙofar da jama'a ke shigowa, ka zauna kan bencin da suke jira na minti 15. Za ka ga ko rana na dukansu, ko takardar da aka liƙa a bango da Faransanci akwai mai iya karanta ta a cikinsu, ko tsohuwar da ta taso daga Bambeye ko Kalfu tun asuba ta san ƙofar da za ta nufa. In tela ne kai, sa rigar da ka ɗinka ka yi salla da ita, ka ji inda take kama ka a ruku'u. In abinci kike sayarwa, zauna inda masu ci ke zama, ki ga ko hayaƙin murhu a fuskarsu yake ƙarewa.

Rubuta abin da ido ya gani, ban da hukunci. "Buhunan ƙasa sun yi tauri" rubutu ne mai amfani. "Ƴan dako ba su da kula" zargi ne, kuma da ka rubuta shi bincike ya ƙare, tunda ka riga ka sami mai laifi. A ƙarshen mako za ka tarar da abu 15 ko fiye a kayenka. Zaɓi ɗaya tak, wanda ya fi cin kuɗi ko lokaci, ko ya fi wahalar da mutane. Sauran su jira.

Mako na biyu: tambaya, da yadda ake yin ta a wurinmu

Nan ne gizo ke saƙar. An rene mu da kunya, kuma ina alfahari da ita: yaro ba ya katse maganar babba, ba ya ƙura masa ido, ba ya cewa "don me" in an aike shi. Tarbiyyar nan ta riƙe gidajenmu. Sai dai mukan ɗauke ta ɗungurungum mu kai wurin aiki, har mutum ya shekara 20 yana cika wata takarda bai san inda take zuwa ba, don nauyin baki. Addininmu bai ɗora mana wannan ba. Wata rana Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tambayi sahabbai wace itaciya ce ganyenta ba ya zuba, wadda take kama da Musulmi. Mutane suka yi ta ambaton itatuwan daji. Abdullahi ɗan Umar ya gane dabino ne, amma shi ne ƙarami a wurin, sai ya ji kunya ya yi shiru. Da ya gaya wa mahaifinsa daga baya, Umar ya nuna masa cewa da ya faɗa, da hakan ya fi masa daɗi fiye da abin duniya mai yawa. Malamai kuma suna kawo maganar Mujahid, ɗaya daga malaman tabi'ai, cewa mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi.

Tambaya kam za a yi ta, amma da ladabin babba. Fara da zaɓen lokaci. Kada ka tari maigida ana cikin sauke kaya, ko gaban masu saye, ko a taro inda na ƙasa da shi ke zaune. Same shi bayan azahar in jiki ya yi sanyi, ko lokacin da aka zubo shayi na biyu, ku biyu kaɗai.

Sai kalmar da za ka yi amfani da ita. "Don me" a bakin yaro tambaya ce, a bakin babba kuwa takan fito kamar tuhuma. Sauya mata riga. Ka ce, "Alhaji, ina so ka ƙara mini sani, mene ne hikimar jera buhuna a wannan kusurwa?" Ko ka ce, "Shef, takardar nan da muke yi kofi 3, ina na ukun yake zuwa? Ina so in iya bayani in an tambaye ni." Ko, "Inna, ke da kika daɗe a sana'ar nan, me ya sa ake fara wannan kafin wancan?" Ka ba shi kujerar malami, kai ka zauna a ta almajiri, kuma har zuciya, don sau da yawa amsar za ta nuna maka tsohon tsari yana da tushe. Na taɓa ganin kamar ɓarnar wuri ce tazarar da ake bari tsakanin buhunan iri da bango. Wani dattijo da ya girme ni a aikin ya kama hannuna ya zagaya da ni, ya nuna mini ta nan iska ke bi, ta nan kuma ake ganin kashin ɓera da hanyar gara tun ba su yi ɓarna ba. Na goge wannan daga kayena, na yi masa godiya. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba, kuma ba za ka san me ya hango ba sai ka tambaye shi.

Abu na gaba, kada ka tsaya a amsar farko. Yaro in ka amsa masa sai ya sake cewa "to don me?", har ka gaji. A kamfanin Toyota na Japan sun mai da wannan hali ƙa'idar aiki: Taiichi Ohno, wanda ya tsara yadda suke ƙera motoci, ya riƙa koya wa ma'aikata su nemi dalili sau 5 a jere kafin su taɓa gyara. Ga yadda ta kaya da buhunana. Don me na ƙasa ke dunƙulewa? Don takin yuriya yana shan laima, ga nauyin na sama yana danne shi. Daga ina laimar? Daga daɓen siminti, da feshin ruwa da ke shigowa ta ƙarƙashin ƙofar gabas, tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa. Don me ake jera su a bakin ƙofar gabas alhali can ciki a bushe yake? Don nan kamyo ke tsayawa, ɗan dako kuma da buhu mai kilo 50 a ka ba zai ratsa magaza ba sau ɗari. Don me kamyo ba ya zagayawa ƙofar yamma, kusa da busasshen wurin? Don a kulle take. Don me take kulle? Makullin kwaɗon ya ɓace tun zamanin wanda na gada, ba wanda ya sake ta da maganar.

Aka fasa kwaɗo, aka sayi sabo, aka shimfiɗa katako ƙarƙashin buhuna. Da na tsaya a amsar farko da taki na zarga, da na tsaya a ta uku da na ɗauki alhakin ƴan dako. Ka lura kuma, amsoshin nan ba daga bakin mutum ɗaya suka fito ba. Ta uku ɗan dako ne ya ba ni, ta huɗu direba, ta biyar mai gadi. Masu shara da gadi da dako sun san wurin aikinka ta fuskar da ba ka san shi ba, kuma ba a cika tambayarsu ba.

In tambaya ta zo maka a rai har ka ji kamar ta yara ce, ita ce ma za ka fi riƙewa. A 1943 wani Ba'amurke mai suna Edwin Land ya ɗauki ɗiyarsa mai shekara 3 hoto, ta tambaye shi don me ba za ta ga hoton ba nan take. A lokacin kowa ya san sai an kai an wanke. Shi bai kore ta da "haka ake yi" ba, ya zauna da tambayar, kuma a 1948 kyamarar Polaroid mai fito da hoto nan take ta shiga kasuwa.

Koyi cewa "ban sani ba, nuna mini"

Wannan gajere ne amma ya fi ɗaci, musamman in furfura ta fara. Zaɓi abu ɗaya da wani ƙarami a wurin aikinka ya fi ka iyawa: tura kuɗi ta waya, jera lissafi a kwamfuta, sabon ɗinkin da ƴan mata ke yayi, gyaran moton da ba ka saba da irinsa ba. Ka ce masa, "Ɗana, zo ka nuna mini." Sharaɗi ɗaya: hannunka ne zai yi, shi bakinsa kawai. In ka bari ya karɓi wayar ya daddanna ya miƙo maka, gobe ma sai ka neme shi. Yi sau 3 a gabansa, na huɗu ka yi shi ba ya nan. Gemu ba ya hana ilimi, kuma na shaida girma ba ya raguwa da wannan. Yaron da ya koya maka abu yakan fi sakin jiki ya karɓi gyaranka.

Mako na uku da na huɗu: gwaji irin na motar kara

Dubi yaro yana haɗa motar kara ko ta waya. Ba ya jiran kayan aiki, ba ya zana ta a takarda wata 3. Ya soka, ya ɗaura, ya tura. In ƙafa ta fita ya mayar, in ta karye ya ɗauko wani kara, asararsa ba ta wuce ta yini ɗaya ba. Mu manya mukan yi ɗayan biyu: ko mu ƙi taɓa komai don tsoron kunya, ko mu zuba jarinmu duka a sabuwar dabara a tashi ɗaya. Hanyar yaro ta fi duka biyun aminci.

Mu a jihar Tahoua muna da misali a ƙofar gida. A 1989 aka kai wasu manoma daga yankin Illela zuwa Yatenga a Burkina Faso, suka ga yadda ake haƙa ƙananan ramuka a fako, a zuba taki na gida, a shuka a ciki, ramin ya tare ruwan sama. Can suna ce masa zai, mu tassa. Da suka dawo ba su birkice gonakinsu duka ba. A ɗan wuri suka gwada. Damina ta 1990 ta zo da ƙarancin ruwa, inda aka yi tassa ya ba da hatsi, maƙwabta suka gani da idonsu. Gani ya kori ji. Cikin ƴan shekaru abin ya bazu, har mutane suka fara sayen fakon da a da ko kyauta ba a so. A can Yatenga ɗin ma, Yacouba Sawadogo da ya inganta dabarar an fara yi masa kallon wanda ya zare, kafin duniya ta karrama shi da babbar kyauta a 2018.

Ga yadda za ka tsara naka gwajin. Ya zama ƙarami: kanta ɗaya, kunya ɗaya ta lambu, rana ɗaya a mako, buhu 2 daga cikin 200. Ya zama mai arha: ka yanka tun farko abin da za ka iya yafewa in ya lalace, jika 2 ne ko jika 5, kada ka wuce. Ya zama da wa'adi: mako 2, ko kasuwa 3, daga nan a zauna a duba. Ya zama abin da za a iya mayarwa yadda yake in bai yi ba. In wurin ba naka ba ne, nemi izini, kuma ka nema a ƙanƙance: "Alhaji, ka ba ni mako 2 a wannan kusurwa kaɗai, in bai yi ba ni zan mayar da hannuna." Da wuya babba ya ƙi irin wannan roƙo, don ba ka ce tsarinsa ba shi da kyau ba.

Kafin ka fara, rubuta yadda abin yake yanzu da adadi: buhu nawa ke lalacewa, minti nawa mutum ke jira, yadi nawa ke tafiya a ƙyalle. Nan ne babba ya fi yaro. In ba ka rubuta ba, bayan mako 2 zuciyarka za ta gaya maka abin da kake so ka ji. Kuma ka bar wani ɓangare a tsohon tsari gefe da gefe, yadda manoman Illela suka bar gonar da ba tassa kusa da mai tassa, don ido ya kwatanta.

Kayan gwaji kuwa, fara da abin da ke hannu. Duk wanda ya shiga kasuwar Katako a Yamai ya ga yadda ake narka gwangwani a zuba tukunya, a fasa ganga a fitar da akwati da murhu. Tunanin mai motar kara ne ya girma ya zama sana'a. Haka wani malamin makaranta a Jigawa ta Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya ɗauki tukwanen ƙasa 2, ya sa ƙarama cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yana bushewa yana janye zafin ciki, tumatir da yalo su yi kwanaki ba su lalace ba, babu kuran, wato lantarki, babu firji. Katakon da na fara shimfiɗawa ƙarƙashin buhuna tsofaffin ƙyamare ne da ke jingine bayan magaza.

Akwai inda ba a wannan wasa ko kaɗan, kuma ina roƙonka ka riƙe: maganin mutane da allura, awon maganin ƙwari, wayar kuran, birkin mota, da kuɗin amana. Yaro bai san wuta ba sai ta ƙona shi, kai ka san ta. A waɗannan wurare ka tsaya a tambaya, ka kai shawara ga wanda ke da ilimin da hurumin.

In ka faɗi, da in an yi faɗa

Wasu gwaje-gwajen ba za su yi ba. Ni na taɓa sauya jerin iri a kanta ina ganin zai sauƙaƙa, sai ya rikita yaran shago, aka ba wani manomi irin da ba shi ya nema ba. Allah ya sa ya dawo da shi kafin ya shuka. A nan Tahoua aka yi gasar kokawa ta ƙasa ta farko a 1975, kuma duk ɗan kokawar da ya ɗauki takobin zakaran gasar ya sha ƙasa ba adadi tun yana yaro a dandali. Yara in an ka da su sukan tashi, su kakkaɓe, su sake kamawa. Abin da ke hana babba tashi shi ne ɓoyo.

Saboda haka in kuskure ya faru, kai shi da bakinka a ranar, kafin wani ya kai. Magana 3 ta isa: ga abin da na yi, ga abin da ya jawo, ga yadda zan gyara. Kada ka haɗa da sunan wani, kada ka yi dogon sharhi. In akwai asara a kan wani, biya ko ka nemi yafiya. Sannan ka rubuta a kaye abin da gwajin ya koya maka, ka mayar da abu yadda yake, ka ɗauki na gaba.

Faɗan yara ma akwai abin koyo a ciki. Su yi kaca-kaca da safe, da azahar suna langa tare, iyaye ne ke riƙe gaba har shekara. A wurin aiki gaba tana cin dukiya a ɓoye: mutum biyu ba sa magana, sai saƙo ya riƙa bi ta na uku yana zubewa a hanya. Shari'a ba ta yarda Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da kwana 3 ba. Ni na rage wa kaina zuwa kwana ɗaya: washegari ni ke fara sallama, in tambayi gida, in miƙa kofin shayi. Maganar da ta haɗa mu ana iya komawa kanta daga baya, a zaune, amma gaisuwa ba ta jira.

Wasa da gwargwadonsa

Aikin da babu dariya a cikinsa mutane ba sa kawo shawara, don kowa yana tsoron a gwasale shi. Mu ba sai mun aro dabara daga waje ba. Wasan taubasai da ke tsakanin Bagobiri da Bazabarme, ko Bafillace da Ba'are, har hukumar UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2014, kuma kowa ya ga yadda taubashi ke gaya wa babban mutum gaskiyar da wani ba zai iya ba, a yi dariya, gyara kuma ya shiga. In akwai taubashinka a wurin aiki, tambaye shi cikin raha abin da kake yi ba daidai ba. Za ka ji.

Za ka iya kuma mai da aiki mai gundura ya zama gasa: ranar ƙidayar kaya mukan rabu biyu, ɓangaren da lissafinsa ya fito daidai da littafi ɗaya ɓangaren ne ke sayen sukari. Amma wasa yana da iyaka. Ba a yin sa gaban mai jira da ke cikin damuwa, ba a yin sa da nakasar mutum ko talaucinsa ko iyalinsa, kuma na sama ba ya tsokanar na ƙasa da ba shi da bakin ramawa.

In kai ne babba a wurin

Duk abin da na faɗa zai mutu a tsaye in maigida yana kashe tambaya. Yaron shago ya tambaye ka sau ɗaya ka ce masa "kai wa ya tambaye ka", to ka rufe bakinsa na shekara, kuma ranar da zai ga wuta na ci a bayan shago sai ya tsaya tunanin ko ya faɗa. In ya tambaya kana cikin aiki, ce masa "riƙe ta, bayan la'asar", kuma bayan la'asar ka kira shi da kanka. In ka san amsa, ba shi dalili, don wanda ya san dalili ba ya bukatar a tsaya kansa. In ba ka sani ba, ce masa ku bincika tare. In shawararsa ta yi aiki, ambaci sunansa gaban Alhaji mai wurin. Sabon zuwa kuma ka ba shi kaye tun makon farko, don idonsa sabo ne na ɗan lokaci kaɗan. Bayan wata 2 shi ma zai saba kamar kowa.

Bana wani yaro da aka kawo mini ya tambaye ni, "Baba, matan nan da ke leƙowa su tambayi kuɗin buhu su juya, me suke nema?" Na daɗe ina ganinsu, na ɗauka tsada ce kawai. Na ce ya tambaye su da ladabi. Ashe gayaunarsu ƙarama ce, buhu mai kilo 50 ya fi ƙarfin aljihunsu, ya kuma fi ƙarfin gonar. Masu bincike na cibiyar nazarin noma ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai, sun daɗe suna koyar da sa taki kaɗan-kaɗan a ramin shuka, wajen giram 6 na takin NPK, kimanin cikin murfin kwalbar lemo. In hekta tana da rami 10,000, kilo 60 ke nan. Mai rubu'in hekta kilo 15 ya ishe ta, wata ma kilo 5 take nema. Na je wurin Alhaji mai magazar na roƙi buhu 2 kacal. Mun auna su a leda, kilo 1 da kilo 5, mun ajiye a kan katako kusa da ƙofa inda mai leƙowa za ta gani, da murfin kwalba a gefe don nuna awo. Wa'adinmu ƙarshen shuka. Kayen yana hannun yaron, shi ke rubuta wadda ta saya, da nawa ta saya, da abin da wadda ba ta saya ba ta ce.